Kwanakin da Yamai ta zama tsibiri: yadda Zongo ta ci da kanta a 2020

Zongo, kamar yadda sunan ya nuna, masaukin baƙi ce. Tun zamanin fatake, duk inda kuka ji Zongo, a Kumasi ne ko Akra ko Lome ko Kwatano, to wurin da baƙo ke sauke kaya ne ya sha ruwa. Tamu ta Yamai ma haka take, ga ta a tsakiyar gari, ƴar tafiyar ƙafa zuwa Babbar Kasuwa. To wannan unguwa da abincinta ke hannun mai shigowa da mai fita, ita ce aka wayi gari a shekarar 2020 an ce mata ba shiga ba fita.

Ga yadda abin ya zo, don waɗanda suka manta. Ranar 17 ga Maris 2020 shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, ya ba da sanarwar rufe filayen jiragen sama da iyakoki da makarantu. Ranar 19 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a Nijar. Ranar 27 kuma aka kafa dokar ta-ɓaci, aka ce za a killace Yamai daga sauran jihohi, tare da dokar hana yawon dare daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe. Sallar jam'i ma an hana. Kusan mako bakwai muka yi a haka. Mutanen tsibirin Neni Gungu da ke cikin kogin Isa sun fi mu, don su ko ba komai suna da kwalekwale.

Hukuma ta ce motocin kaya suna da izinin wucewa, kuma gaskiya ne. Amma wa ke da motar kaya? Babban ɗan kasuwa. Ke da kike zuwa Baleyara ran Lahadi ki sayo kaji da ƴan tiyoyin wake, ko Bubon ran Laraba ki ɗauko tukwane da tuluna, kayanki a bisa motar fasinja suke hawa, ke kina ciki kina tsaron su. Da aka tsayar da fasinja, an tsayar da jarinki ke nan. Sai aka koma aike: a ba direba kuɗi, ko a tura ta Nita ko Al Izza, wata ƴar'uwa a can ta saya ta ɗora. Kayan da ido bai gani ba, hannu bai taɓa ba, wani lokaci su zo daidai, wani lokaci a yi haƙuri.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ƙarfe 7 ɗin nan. A Yamai, a ƙarshen Maris, ƙarfe 7 ita ce magariba. Daidai lokacin da mai tuwo ke buɗe tukunya, mai dambu da zogale ke shimfiɗa tebur, mai tsire ya gama hura wuta, mai shayi ya jera burodi da ƙwai. Cinikin dare shi ke biyan haya a gidaje da dama na Zongo, don leburan kasuwa da ƴan dako da matafiya sai sun tashi aiki suke neman abinci. An bar kasuwa buɗe da rana, amma an rufe awowin da talaka ke samun riba. Wasu mata sun mayar da girkin dare na la'asar, suna ɗora tukunya tun azahar cikin zafin Afrilu da ke wuce digiri 40. Wanda ya saba cin tuwo ƙarfe 9 kuwa ba ya jin yunwa ƙarfe 5. Abin da ya rage yara su ci, uwar kuɗi ta tafi.

A cikin gida ma an sha fama. Yawancinmu a gidan haya muke, iyali biyar ko shida, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya in akwai. Ana ta faɗa a rediyo a ba da tazarar mita guda, mu da muke karanta sanarwar mun san ɗakin da za mu koma mu kwana. Yara ba lakwal har 1 ga Yuni, ga zafi, ga ɗaukewar wuta, ga shi an hana shimfiɗa tabarma a ƙofar gida kamar yadda aka saba a bazara. Maigida da bai taɓa sanin kuɗin gawayi da magi ba, a watannin nan ya sani. Ya yi limanci a tsakar gida, mata da yara a bayansa, abin da wasu yaran ba su taɓa gani ba.

To me ya riƙe mutane? Gwamnati ta ɗauki nauyin kuɗin wuta da ruwa na Afrilu da Mayu ga masu ƙaramin amfani, kuma waɗanda abin ya shafa sun ji daɗi. Sai dai mai sayen ruwa wurin garuwa ba ta da takardar biya da za a yafe mata, ga shi an ce a riƙa wanke hannu kowane lokaci. Abin da muka gani da idonmu shi ne maƙwabtaka. Samarin fada, waɗanda kullum ake zargi da zaman shan shayi, wasunsu sun haɗa dala-dala sun sayi bokiti mai famfo da sabulu sun ajiye a bakin layi. Da aka wajabta rufe baki da hanci a Yamai cikin Afrilu, teloli suka shiga ɗinka takunkumi da guntayen atamfa, wanda ake wankewa a sake sawa. Mai kanti ya buɗe littafin bashi ga mutanen da bai saba ba bashi ba. Kwanon abinci kuwa ya yi ta ƙetare katanga, musamman zuwa ɗakin tsofaffi da na baƙin da rufe hanya ya rutsa da su, ba kuɗin masauki ba hanyar gida.

Adashe ne ya fi shan wuya, kuma a nan ne aka gane uwar adashe ta ƙwarai. Inda aka yi hankali, an zauna an rage zubi, mai zuba jika ta koma dala ɗari, ko kuma a ba wadda ta fi shiga matsi ɗauka kafin layinta ya zo. Inda aka ce dole kowa ya cika kamar da, adashen ya watse, wadda ta riga ta ɗauka ta ɓuya, wadda ba ta ɗauka ba ta yi asara, zumunci ya lalace. A ganinmu wannan asarar ta fi ta kayan miyan da suka ruɓe, don tumatir ana sake saye gobe.

Haƙuri dai ya ƙare a tsakiyar Afrilu. Daga ranar 17 zuwa 19 matasa suka ƙona tayoyi a unguwanni irin su Lazare, ƴan sanda suka kama mutum fiye da 100. Ƙorafin da aka fi ji shi ne, don me kasuwa ke ci amma masallaci na rufe? Ba mu ce cutar ƙarya ba ce, ta kashe mutane, har da ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar a farkon Mayu. Amma dab da azumi sai da aka sassauta dokar zuwa ƙarfe 9 na dare. Mai ƙosai da mai kunu suka samu abin da bai cika awa biyu ba bayan shan ruwa, suka yi ciniki a guje. Ranar 13 ga Mayu aka buɗe masallatai aka ɗage dokar dare, bayan kwana biyu aka buɗe hanyoyin Yamai.

Masu zuwa Kwatano da Lome sarin atamfa su kam ba su huta ba, don iyakokin ƙasa sai a watan Yuni 2021 aka buɗe wa fasinja, wata 15 bayan rufewa. Shekara biyu da ƴan makonni suka samu suna farfaɗowa, sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta saka wa Nijar nata takunkumin, aka sake datse gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil.