Matsalar Mutuwar Burauza a Kudancin Kano da Hanyoyin Magance Ta

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce bayyana wa mai karatu dalilan da kan sa burauza ta ƙi buɗewa, ko ta buɗe ta mutu ana tsakiyar aiki, da kuma abin da ya kamata a duba kafin a kashe kuɗi. Burauza dai ita ce manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, irin su Chrome da Firefox da Opera Mini. Da za a bi ta tawa, da mashiga aka raɗa mata, to amma bakin jama'a ya riga ya zaɓi kalmar aro, kuma harshe na masu shi ne.

Lamarin ba na wasa ba ne ga ɗaliban Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, a 2017 ta fito da tsarin CAPS inda ɗalibi ke karɓar gurbin karatunsa, sa'an nan a 2024 aka buɗe shafin neman lamunin ɗalibai na NELFUND. Duk waɗannan ta burauza ake shigarsu, kuma galibi da wa'adi. Yaron da ke Riruwai, in tasa ta ƙi, tafiyar sa'o'i ce tsakaninsa da masu gyaran Farm Centre a birnin Kano, ga kuɗin mota zuwa da dawowa.

Abu na farko shi ne a bambance ciwon burauza da rashin sabis, domin a nan ne aka fi barin jaki ana dukan taiki. Idan sabis ne babu, burauza za ta buɗe lafiya lau, ta shaida maka ta kasa kai wa ga shafin. Chrome har hoton wata 'yar dabba mai kama da damo takan nuna. Amma in an taɓa ta ta yi ƙyaf ta rufe, ko ta daskare, to sabis ba shi da laifi, kuma sayen sabuwar data asara ce. Gwajin mai sauƙi ne: a aika saƙon WhatsApp, ko a buɗe shafin da wata burauzar. In ya tafi, ciwon na cikin gida ne.

Babban mai kashe burauza a wayoyinmu shi ne ƙarancin ƙwaƙwalwar aiki, watau abin da masu gyara ke kira ram. Manomi zai fahimci wannan da sauri. Ma'adanar waya tamkar rumbu ce, ita kuwa ram masussuka ce: komai girman rumbu, iyakar damin da masussuka ta ɗauka shi ake sussukawa a lokaci guda. Tun fitowarta a 2008, Chrome ta zo da dabarar ware wa shafuka wurin aikinsu daban-daban, don kada mutuwar ɗaya ta ja sauran. Dabara ce mai kyau, sai dai tana cin fili. Wayar da ram ɗinta bai wuce gigabait 2 ba, in aka tara mata shafuka ashirin, ga Facebook da TikTok a buɗe a baya, dole ta kori wani abu. Shi ya sa ɗalibi kan cika fom har ƙarshe, ya fita ɗauko hoton fasfo ko duba lambar da aka turo masa ta tes, ya dawo ya tarar shafin ya koma fari fat. Android ce ta rufe burauzar don ta samar wa wancan aikin wuri. Maganin shi ne a kashe wayar a sake kunnawa, a rufe komai sai shafi ɗaya, a kuma rage nauyin hoton tun kafin a fara.

Shi ma rumbun in ya cika maƙil da bidiyo, burauza kan rasa inda za ta ajiye tarkacen shafukan da take tarawa, watau kash. A nan sai a yi hattara, domin maɓallai biyu ne a jere cikin saitin manhajar. Na share kash ba ya cutarwa. Na share data kuwa yakan tafi da tarihin shafuka da lambobin sirrin da ba a adana su a asusun Google ba.

A shagunan kwamfuta, irin na Kwanar Ɗangora ko cikin garin Tudun Wada, ciwon ya sha bamban. Can ɗaukewar wuta ce ko mutuwar janareta. Burauza kullum tana rubuce-rubuce cikin wata jaka da ke ƙunshe da saitin mai ita. In wuta ta yanke tana cikin rubutun, jakar kan lalace, ko a bar alamar kulle a ƙofarta. Sai a danna Firefox ta ce ai tana kan aiki, alhali babu komai a allo. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, a nemo sunanta cikin jerin ayyukan da ke gudana a kashe shi. In ta ci gaba da mutuwa, a riƙe Shift yayin buɗe ta, za ta tashi ba tare da 'yan manhajojin da aka liƙa mata ba. In ta zauna lafiya a haka, ɗaya daga cikinsu ne ɓarawon, sai a yi ta cire su ɗai-ɗai. In duk wannan bai yi ba, a buɗe mata sabuwar jakar saiti, a bar tsohuwar a ajiye.

Akwai kuma ɗan hakin da ka raina. Cikin kwamfutocin hannu da ake shigo da su akwai wani batiri mai faɗin kwabo, yawanci CR2032, mai riƙe agogo. In ya mutu, kwanan wata kan koma shekaru baya, sai burauza ta ƙi amincewa da takardar shaidar kowane shafi mai tsaro, har da na banki. Gyara kwanan wata kawai ya isa a ci gaba da aiki a ranar.

Tsufa kuwa ba shi da magani sai sauyi. Chrome ta 109, wadda ta fito a Janairun 2023, ita ce ta ƙarshe da ke hawa Windows 7, saboda haka sababbin shafuka za su yi ta ƙin ta sannu a hankali. Haka nan al'adarmu ta karɓar manhaja ta Xender don tsimin data takan sa mutum ya ɗora wadda ba ta dace da wayarsa ba. Opera Mini tana da daɗin karanta labarai, domin kamfanin ne ke matse shafin kafin ya iso, amma a ganina kada a amince mata da fom ko biyan kuɗi. In kuwa na'urar ce gaba ɗaya ke mutuwa, musamman a zafin Maris da Afrilu, a duba fankarta, wataƙila ƙurar hunturu ce ta toshe ta.

Wani lokaci ma laifin daga can sama yake. Ranar 22 ga Maris, 2021, wani gyara da Google ya yi wa manhajar Android System WebView ya sa manhajoji da dama suka riƙa rufewa a wayoyi a faɗin duniya, har sai da kamfanin ya fitar da sabon gyara. Don haka tambayar maƙwabci ko tasa ma tana yi, ita ma hanyar bincike ce.

Filashin, wanda wasu masu gyara kan fara da shi, shi ya kamata ya zo ƙarshe, domin yakan share hotunan takardun makaranta da duk abin da ke cikin wayar. In ya zama dole, a kwashe takardun zuwa memori ko imel tukuna, a kuma tabbatar an san lambar sirrin asusun Google. Da yawanmu a shago aka buɗe mana asusun ranar sayen waya, ba mu taɓa rubuta lambar ba, ita kuwa wayar bayan an share ta takan ƙi buɗewa sai an ba ta wannan tsohon asusu.