Masu Kiwon Awaki Da Alfaka Don Gashi A Ƙasar Amurka

Daga Wakilinmu

A nan ƙasarmu idan aka ce mutum yana kiwon awaki, abin da ake nufi shi ne nama da nono da fata, musamman fatar jar akuyar Sakkwato wadda ta yi suna a duniya. Amma a ƙasar Amurka akwai waɗansu ƙananan manoma waɗanda gashin dabbobinsu kawai suke bukata. Waɗansunsu sukan haɗa iri biyu a gona guda, watau akuyar Angora da wata dabba da ake kira alfaka.

Ita akuyar Angora asalinta daga yankin Ankara ne na ƙasar Turkiyya, an kuwa fara kai ta Amurka cikin shekarar 1849. Gashinta fari ne mai sheƙi, yana sauka a nannaɗe, yakan kuma ƙaru da misalin inci ɗaya kowane wata. Alfaka kuwa dangin raƙumi ce, sai dai ba ta da tozo, tsayinta a kafaɗa kuma bai fi yadi ɗaya ba. Mazauninta na asali duwatsun Andis ne, mafi yawansu a ƙasar Peru, ba a kuwa soma shigo da ita Amurka sosai ba sai cikin 1984.

Aikin mai irin wannan gona yana farawa tun da asuba. Zai duba ruwan sha, in lokacin hunturu ne ya fasa ƙanƙarar da ta rufe bakin kwami, sa'an nan ya zuba busasshiyar ciyawa. Ko zuba ciyawar ma da dabara, domin duk tsinken da ya maƙale cikin gashi rage masa daraja yake yi, sai an zauna an tsince shi da hannu. Shara ba ta da wuya wajen alfaka, gama duk garken wuri ɗaya suke zuwa su yi kashi. Awaki kam mai karatu ya san halinsu.

Haɗa su yana da nasa haɗari. Jikin akuya yana bukatar sinadarin jan ƙarfe fiye da na alfaka, saboda haka gishirin lasa da ya dace da akuya yana iya cutar da hantar alfaka, tilas a raba musu wurin lasa. Har ila yau tsutsar ciki mai shan jini tana kama su duka biyu. Shi ya sa lokaci lokaci mai gona yakan janye fatar idon kowace dabba ya duba, in ya ga ta yi fari ya san jini ya ragu, sai magani.

Ranar aski ita ce ranar girbinsu. Alfaka sau ɗaya ake yi mata a shekara, kafin zafi ya shigo, a sami kilo biyu zuwa huɗu. Na baya da haƙarƙari shi ne mai kyau, na wuya da ƙafafu kuwa yana da kaushi. Akuya sau biyu ake aske ta, kuma nan ne hankalin mai ita ba ya kwanciya, gama idan ruwan sama mai sanyi ya doke ta a makonnin farko bayan aski, tana iya mutuwa cikin dare ɗaya.

To, ina ribar take? A nan ne mutane da yawa suka ƙone hannu. Bayan da aka rufe rajistar alfaka ga waɗanda ake shigowa da su daga waje cikin 1998, sai farashinta ya yi tashin gwauron zabo, har ana sayar da mace ɗaya fiye da dala 20,000. Kowa yana saye ne don ya sayar da 'ya'ya ga wani sabon shiga, babu mai lissafin kuɗin gashi, alhali ɗa ɗaya take haifa bayan ciki na wata goma sha ɗaya da 'yan kwanaki. Da tattalin arzikin ƙasar ya karye cikin 2008 masu saye suka ɓace, har ya kai waɗansu suna ba da dabbobinsu kyauta don su huta da ciyarwa. Masu akuyar Angora, waɗanda galibinsu suna Jihar Teksas, sun riga sun ɗanɗana tasu tun 1995, lokacin da gwamnati ta janye tallafin da take ba su tun daga 1954, garkuna suka ragu ƙwarai.

Waɗanda suka tsaya da ƙafafunsu su ne waɗanda suka gane cewa ɗanyen gashi da ƙyar yake biyan kuɗin ciyawa da na likitan dabbobi da ladan mai aski. Don haka su da kansu suke wanke shi, su shiɓe, su kaɗa zare su rina, ko kuwa su aika da shi ƙaramar masana'anta su jira watanni kafin layi ya zo kansu. Wani lokaci sukan gauraya iri biyun, na alfaka ya ba da laushi da ɗumi, na akuya ya ba da ƙarfi da sheƙi. Cikin watan Oktoba kuma da yawa sukan ɗora zaren a mota su nufi babbar kasuwar ulu da ake ci shekara shekara a garin Rhinebeck na Jihar New York, inda masu saƙa ke taɓa shi da hannunsu kafin su biya.