In Jita Ta Yi Ƙara, Kada Magana Ta Ɓata

Da yawa daga cikinmu in an ce kiɗan rok, abin da ke faɗo mana a rai shi ne hayaniyar samarin Turawa masu dogon gashi. To, akwai wani reshe na wannan kiɗa wanda magana ce uwar tafiya a cikinsa, jita da ganguna kuwa 'yan rakiya ne. Mawaƙin yakan rera wani wuri, wani wurin kuma ya tsaya ya faɗi baitinsa da baki kawai, kamar mai jawabi a dandali.

A watan Fabrairu na 1971, wata mawaƙiya ta Amurka mai suna Patti Smith ta karanta rubutattun waƙoƙinta a majami'ar St. Mark da ke birnin New York, inda marubuta suka saba taruwa, Lenny Kaye kuma yana bin ta da jita mai lantarki. Daga wannan haɗuwa aka kai ga faifanta na farko, Horses, a 1975. Kafin ita, Bob Dylan ya hau dandali da jitar lantarki a bikin Newport na 1965, wasu masoyansa suka yi masa ihu, gama suna ganin ƙarar za ta cinye kalmomin. Ba ta cinye ba, domin a 2016 an ba shi kyautar Nobel ta adabi saboda baitocinsa.

Mu a ƙasar Zamfara wannan ba baƙon abu ba ne. Wanda ya taɓa sauraron Kassu Zurmi ya san yadda yake zuba wa mafarauta da 'yan tauri kirari, rabi rerawa rabi faɗa, kiɗa na biye da harshensa. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya yi wa 'Yandoton Tsafe waƙar da har yau dattawa ke tsinko karin magana daga cikinta. A irin wannan fage kuma akwai sanƙira, wanda aikinsa shi ne ya kutsa tsakanin ɗiyan waƙa da magana tsagwaronta, ya warware wa jama'a abin da makaɗi ke nufi. Watau haɗa rerawa da jawabi gadonmu ne tun kafin lantarki ya iso Gusau.

Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi ya fi kusa da waɗancan Turawa. Ba shi da 'yan amshi, sai kuntigi mai tsirkiya ɗaya. Da ita ya yi wa karen mota waƙa, ya yi jawabin aure, ya sa talaka ya ji an san da zamansa. A Nijar kuma, Mdou Moctar ya ɗauki jitar lantarki sosai, ya faɗi kukan mutanensa da harshen Buzaye a faifan Afrique Victime na 2021.

Abin da ke damunmu shi ne, yau matashi yakan shiga ɗakin ɗaukar waƙa, na'ura ta ba shi kiɗa a shirye, ya cusa 'yan kalmomi don su cika gurbi. A yi rawa mako biyu, a manta. Alhali kuwa abin faɗi ya yi mana yawa. Manomin 'Yankuzo da 'yan bindiga suka raba da gonarsa, da matar Bungudu da ke kwana da fargaba, da yaron da aka rufe makarantarsu, duk suna bukatar wanda zai sa abin da ke cinsu cikin baiti mai tsari, wanda jikoki za su ji su gane abin da ya faru.

Don haka muna kira ga samarinmu masu koyon jita da piyano, a ƙungiyoyin mawaƙa ko a gida: ku fara da takarda da alƙalami. Ku karanta baitinku a gaban dattijo ɗaya ba tare da kiɗa ba. In ya gyaɗa kai ya ce ku maimaita, to, ku ɗauko jitar.