MENE NE «BET»? MU SAN TURANCIN DA KE SHIGOWA GARINMU



Kwanan baya, a wani gidan karatun manya kusa da Jiratawa, wani dattijo ya kawo mini wata ƴar takarda. Cikin aljihun ɗansa ya same ta. Ya ce: «Malam, duba mini. Yaron ya ce rasit ne na ajiya.» Na duba. A sama an rubuta «bet». A ƙasa an rubuta «lost». Ba ajiya ba ce. Kuɗin albasa ne suka tafi.

Shi ya sa yau za mu yi magana a kan kalmomin Ingilishi.

DAGA INA SUKA ZO?

Maraɗi da Katsina gida ɗaya ne. Sarautar Maraɗi ta Katsinawa ce, ta Tibiri kuwa ta Gobirawa. Da Turawa suka zo, sai suka raba ƙasar. Faransa ta ɗauki arewa, Ingila ta ɗauki kudu. Amma iyaka ba ta hana fatauci ba. Kullum motoci suna bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina da Kano. Suna kawo kaya, suna kawo kalmomi.

Da yawa sun zama Hausa tun tuni:

Mota, daga «motor».
Tasha, daga «station».
Direba, daga «driver».
Bokiti, daga «bucket».
Likita, daga «doctor».
Sule, daga «shilling». Kuɗin Nijeriya ne na da, kafin naira ta fito a 1973.

Waɗannan ba su cutar da kowa ba. A 2025 ma, dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasar Nijar, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki. Ashe sanin Ingilishi abu ne mai amfani.

KALMOMIN DA KE KAN TAKARDAR

Amma akwai wasu sababbi da suka shigo ta wayar salula. Ga su:

1. «Bet». Shi ne mutum ya sa kuɗi a kan abin da bai san yadda zai ƙare ba, kamar wasan ƙwallo. In ya dace, a ba shi ƙari. In bai dace ba, kuɗinsa sun tafi. Da Faransanci ana cewa «pari». Da Hausa sunansa caca.
2. «Stake». Kuɗin da ka zuba.
3. «Odds». Lambar da za a ninka kuɗinka da ita, in ka ci.
4. «Win». Ka ci.
5. «Lost». An cinye ka.
6. «Bonus». Ƴar gyara da ake ba ka don ka ƙara zubawa. Mai tarkon tsuntsu ma yakan watsa tsaba.

MU YI LISSAFI

Ga ƙungiyoyin ƙwallo biyu, ƙarfinsu ɗaya. Mai gidan caca ya sa wa kowace lamba 1,90.

Mutum ɗaya ya zuba jikka guda, wato dala 200, a kan ta farko. Wani ya zuba dala 200 a kan ta biyu. Mai gida ya tara dala 400.

An gama wasa, ɗaya ta ci. Wanda ya dace ya karɓi dala 380. Ɗayan bai samu ko tamma ba. Ina sauran dala 20? Suna aljihun mai gida. Ko wace ƙungiya ta ci, shi bai faɗi ba.

Wasu samari sukan haɗa wasa 10 a takarda ɗaya, don a nuna musu kuɗi masu yawa. Amma sai duka 10 sun dace za a biya. In kowane wasa rabi da rabi ne, dacewar sau 1 ce cikin 1024. Wa zai shuka ramin gero 1024 don ɗaya ya fito?

ME YA KAMATA MU YI?

Malamanmu sun daɗe da faɗa mana cewa Alƙur'ani ya hana caca, cikin Suratul Ma'ida, aya ta 90. Canza mata suna bai canza ta ba. Yaro ba zai ce wa ubansa «zan je caca» ba, don kunya. Amma yakan ce «zan yi bet», uban bai gane ba.

Saboda haka:

Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba ka gane ba.
In ka ga baƙuwar kalma, ka rubuta ta, ka kai wa malamin karatu.
In ka samu irin wannan takarda wurin ɗanka, kada ka fara da duka. Ku zauna, ku yi lissafin nan tare.

Haka dattijon ya yi. Yanzu shi da ɗansa tabarma ɗaya suke zama wurin karatu.

Ku tattauna a ajinku: waɗanne kalmomin Ingilishi kuke ji a kasuwar garinku? Ku rubuto mana su, za mu yi bayaninsu a fita ta gaba.