Kukan Giyabos a Tsohuwar Mota: A Gyara Ko A Sauya?

Garin Zakirai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa, yana arewa maso gabas da birnin Kano, cikin yankin nan da gonaki suka haɗe da juna har da wuya a ga saura ko daji. Masanin ilimin ƙasa Michael Mortimore ya fara nazarin wannan yanki tun cikin shekarun 1960, lokacin da jakai ne ke kai itace da amfanin gona birni, su komo da taki. Daga baya mota ta karɓi kaso mai yawa na aikin jaki. Gero da dawa da gyaɗa da wake, da awakin da za a kai kasuwar Gezawa, da majinyacin da za a garzaya da shi asibiti cikin dare, duk sun dogara ga tsofaffin motocin da yawancinsu sun daɗe da wuce shekarun da maƙeransu suka ɗibar masu.

Daga cikin waɗannan motoci babu wadda ta yi suna kamar Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo. An fito da ita a Faransa a 1968. Kamfanin PAN ya buɗe masana'antarsa ta harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma an ci gaba da haɗa 504 a can har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da dama bayan an daina ƙera ta a Turai. Ragowarta, musamman akori-kura, suna nan suna fama da hanyoyin burji. Idan irin wannan mota ta soma kuka daga ƙarƙashin sandar giya, tambayar da ke gaban mai ita ba ƙarama ba ce, domin idan motar ta kwanta a tsakiyar kaka, cinikin shekara ne ya tafi.

Abin da ke cikin akwatin

Injin mota yana da saurin juyi, amma ƙarfin murɗawarsa bai isa ya tayar da mota mai lodi daga tsaye ba. Aikin giyabos shi ne musayar sauri da ƙarfi. Alal misali, idan faifai mai haƙora 15 yana juya wani mai haƙora 30, na biyun zai yi juyi ɗaya a duk juyi biyu na na farkon, amma ƙarfin murɗawarsa ya ninka. Wannan shi ne sirrin giya ɗaya, wadda ba ta da gudu amma tana hawa tudu.

A motocin da ƙafafun baya ke turawa, irin su 504, akwai sanduna uku a cikin akwatin. Ta farko tana karɓar juyi daga kuloci, ta biyu tana kwance a ƙasa ɗauke da jerin faifai masu haƙora, ta uku kuma tana miƙa juyin ga farfela. Kowace sanda tana zaune a kan boris. Haƙoran giyoyin tafiya gaba kullum a sarƙe suke da juna, abin da direba ke yi da hannunsa shi ne zaɓen wadda za a ɗaure wa sandar fita. Kafin a ɗaure, akwai wani zoben tagulla da ke goga jikin giyar har saurinsu ya daidaita. Injiniya Earl Thompson na Amurka ne ya ƙirƙiro wannan dabara, motocin Cadillac suka fara amfani da ita a 1928.

Kunne kafin sifana

Gogaggen bakanike ba ya gaggawar sauke giyabos. Yana fara saurare, kuma kimiyya tana bayansa. Duk lokacin da haƙori ya haɗu da haƙori ana samun ɗan bugu. Idan injin yana juyi 3,000 a minti, wato 50 a daƙiƙa, kuma faifan yana da haƙora 20, za a sami bugu 1,000 a daƙiƙa guda. Kunnen ɗan Adam ba ya rarrabe su ɗaya-ɗaya, sai ya ji su kamar siririn fito. Muddin haƙoran suna da santsi, fiton ba ya fita daga akwatin. Da zarar sun zaizaye, ko boris ya saki sandar ta goce daga layinta, sai kuka ya tashi.

Lokacin da kukan ke zuwa shi ke tona inda ciwon yake. Idan mota tana tsaye a firi, injin yana aiki, ana jin gurnani, amma da an taka kuloci ya ɗauke, to zargi yana kan boris ɗin sandar farko ko ta ƙasa, domin taka kuloci yana tsayar da su. Idan kuwa akasin haka ne, wato sai an taka kulocin ƙarar ke zuwa, giyabos ba shi da laifi, boris ɗin kuloci ne, kuma kuɗinsa kaɗan ne. Akwai wata alama da ta fi waɗannan ban sha'awa. A giyabos mai giya huɗu irin na 504, giya ta huɗu tana haɗa sandar farko da ta fita kai-tsaye, sandar ƙasa tana juyi ne kawai ba tare da kaya ba. Saboda haka motar da ke kuka a giya ɗaya da biyu da uku, amma ta yi tsit a ta huɗu, ta riga ta faɗi cewa ciwon yana wajen sandar ƙasa. Sai dai wannan gwaji bai shafi motocin da ƙafafun gaba ke ja ba, irin su Golf, domin nasu tsarin ba shi da giyar kai-tsaye.

Kukan da ke bin gudun mota ko da an mayar da ita firi, sau da yawa daga aksil ɗin baya ne ko boris ɗin taya, kuma an sha sauke giyabos lafiyayye a kan wannan kuskure. Ƙarar "garr" wajen sa giya tana nuna zoben tagulla ya cinye, ko kuloci ba ya saki sosai. Kukan ribas kuwa halitta ne, domin a yawancin motoci haƙoranta miƙaƙƙu ne, ba karkatattu irin na sauran ba.

Lodi da yashi

Me ke kashe boris? Ƙwallon ƙarfen da ke cikinsa yana taɓa zobensa ne a wuri ƙanƙane ƙwarai, don haka duk nauyin yana taruwa a ɗigo guda. Bajamushe Heinrich Hertz ne ya yi lissafin irin wannan matsi a farkon shekarun 1880, shi ne kuma mutumin da aka sa wa ma'aunin yawan kaɗawar sauti sunansa. A 1947 wasu masana biyu na ƙasar Suwidin, Lundberg da Palmgren, suka fitar da ƙa'idar da ake auna tsawon ran boris da ita. Bisa ƙa'idar, idan aka ninka nauyin da ke kan boris mai ƙwallaye, ransa ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin takwas yake komawa. Akori-kurar da aka jibga wa buhunan hatsi fiye da ƙima, tana jan ciki a giya ɗaya da biyu cikin rairayi, tana cinye ran boris ɗinta da irin wannan lissafi, ko da direban bai taɓa jin labarinsa ba.

Abokin gaba na biyu shi ne ƙura. Man da ke shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe a wurin matsin nan kaurinsa sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Ƙwayar yashi ta fi wannan girma nesa, kuma ma'adinin da ke cikinta ya fi ƙarfen boris tauri. Tana shiga ta robar toshiyar mai da ta tsufa, ko ta kafar numfashin akwatin, amma babbar ƙofarta ita ce ranar da aka warware giyabos a kan tsurar ƙasa a gindin bishiya, lokacin hunturu. Buhu mai tsabta da faranti mai murfi suna daga cikin muhimman kayan aikin gareji, ko da yake ba a lissafa su.

Batun mai ma yana da nasa ruɗani. Littafin 504 ya tanadi irin man injin ne ga giyabos ɗinta, man giya mai kauri kuwa na aksil ɗin baya ne. Wasu dillalai sukan ɗura mai mai kauri ko giris don kukan ya lafa kafin a yi ciniki. Kukan yakan lafa, amma ramukan da ke jikin ƙarfen suna nan.

Hukunci

Man da aka tsiyaye shi ne shaida ta farko. Laushin garin ƙarfe kaɗan ba abin tsoro ba ne. Ƙyalli mai ruwan zinariya tagullar zobba ce. Gutsattsarin ƙarfe kuwa haƙori ne ya karye ko boris ya tarwatse. Idan boris da zobba da robobi ne kawai suka lalace, gyara ya fi, domin mai mota ya san tarihin akwatinsa, da sharaɗin bakaniken ya mayar da siraran wasoshin da ke daidaita tazarar sanduna kamar yadda suke. Ba a sauya faifai ɗaya a bar abokin sarƙewarsa, domin tsohon zai cinye sabon. Amma idan haƙoran sandar ƙasa sun fashe, ko jikin akwatin ya tsage, kuɗin kayan gyara zai kusan kai na wani akwatin, sai a nufi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano.

A nan ne hatsarin yake. Giyabos ɗan Kwatano, wato wanda aka ciro daga motar da ta gama aiki a ƙetare, ba a ganin cikinsa, farashinsa kuma ya bi faɗuwar darajar Naira, tun daga shirin SAP na 1986 har zuwa sakin kuɗin da aka yi a 2023. Ga 504 ma lamarin ya ƙara tsanani, domin rijiyar Turai ta daɗe da ƙafewa, mafi yawan abin da ke kasuwa an ciro shi ne daga motocin gida da suka sha irin wahalar da ake gudu. Araha ba ta ado. Mai saye ya tafi da bakanikensa, a kwance toshiyar mai a duba, a juya sandar farko da hannu a kowace giya a ji ko akwai gargada, a girgiza ta a ga ko tana lilo, a kuma gwada bakinsa da wutsiyarsa da na tsohon, domin ba kowane akwatin 504 ne ke shiga kowace 504 ba. A nemi alkawarin mayarwa na 'yan kwanaki a gaban shaidu. Tun da kuma an riga an sauke akwatin, a sauya faifan kuloci da boris ɗinsa a lokaci guda, domin kuɗin aikin saukewa sau ɗaya ya ishi manomi biya a shekara.