3.4 Hanyoyin Gane Amosanin Gaɓɓai Mai Kumburi ga Matasa a Mahuta

A wannan fasali an duba yadda ake gane amosanin gaɓɓai mai kumburi ga matasan Mahuta, hedkwatar ƙaramar hukumar Fakai a masarautar Zuru. Matsalar farko ta suna ce. Jama'a kan kira duk wani ciwon gaɓa "sanyin ƙashi", su ɗora laifin kan damina ko wahalar noma, sannan a nufi wanzami don ƙaho ko tsaga. Kafin a je asibiti watanni sun shuɗe.

Likitan Ingila George Still ne ya yi bayanin wani nau'in cutar ga yara a 1897. Bisa ƙa'idar da masana suka daidaita a Edmonton a 2001, ana kiran ciwo da wannan suna ne idan ya fara kafin shekara 16, kumburin ya kai mako 6, kuma an kore sauran dalilai. Babbar alamarsa ita ce sandarewar gaɓa da safe, wadda takan saki idan an motsa jiki. Ciwon gajiya kuwa aiki ne ke ƙara shi. Wannan bambanci, duk da sauƙinsa, tambaya kawai ke fito da shi.

Kore sauran dalilai shi ne aiki mafi nauyi a wannan yanki. Dole a fara da gwajin sikila, domin ita ma tana sa ciwon ƙashi, sai dai nata yakan taso da ƙarfi ya lafa cikin kwanaki. Haka kuma akwai zazzaɓin gaɓɓai da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro da mako 2 zuwa 3, wanda ke ƙaura daga gaɓa zuwa gaɓa, kuma yana iya lalata zuciya. Idan gaɓa ɗaya ce ta daɗe a kumbure, a binciki tarin fuka.

Babu gwajin jini guda da ke tabbatar da cutar, kuma hoton ƙashi kan fito lafiya lau a farkonta. Ke nan sakamako mai kyau bai isa a sallami yaro ba. Wajibi ne a tura shi babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, a duba har da idanunsa, saboda cutar kan kumbura cikin ido ba tare da zafi ba, har gani ya raunana.