Yadda Hazeltine ya yi maganin rediyo mai kuwwa

Duk wanda ya taɓa zama a taro aka kusantar da makirufo ga lasifika ya san kuwwar nan mai tsaga kunne. To, mai karatu, irin wannan cuta ce ta addabi akwatunan rediyo a Amurka a farkon shekarun 1920.

A wancan zamani babu taransista. Abin da ke ƙara wa sigina ƙarfi shi ne bawul, wato ƙwan gilashi da aka zuƙe iskar cikinsa, irin wanda Lee de Forest ya ƙirƙiro a 1906. A ciki akwai zare mai zafi, da raga inda sigina ke shiga, da faranti inda take fita da ƙarfinta. Da yake raga da faranti suna daf da juna, sai wani abu daga mafita ya sulale ya koma mashiga, a ƙarfafa shi, ya sake komawa. Nan take akwati ya bar sauraro ya shiga kururuwa, wani lokaci har maƙwabta su ji a nasu akwatunan.

Farfesa Louis Alan Hazeltine na Kwalejin Fasaha ta Stevens da ke Hoboken bai tsaya toshe kafar ba, domin ba ta tosuwa. Sai ya ɗebo wata sigina daga mafita, daidai gwargwadon mai sulalewa amma mai kishiyar fuska, ya bi da ita ta wani ɗan kwandansa zuwa raga. Da suka haɗu sai suka kashe juna. Akwatin da aka gina a kan wannan dabara, Neutrodyne, ya shiga kasuwa a 1923, kuma ya buɗe wa ƙananan kamfanoni ƙofa, a lokacin da RCA da abokansa suka kankane manyan haƙƙoƙin ƙirƙira.

Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake saita shi. Mai gyara yakan kamo tasha mai ƙarfi, sannan ya yanke wa zaren bawul wuta. Duk muryar da ta rage, ko shakka babu ta ɓarauniyar hanya ta biyo. Sai ya dinga gyara kwandansa a hankali har ta ɓace. In an canja bawul kuwa, aiki ya dawo sabo.

A ƙarshen shekarun 1920 aka samu bawul mai raga ta biyu, wadda ke kare ta farko daga faranti, akwatunan gida suka huta. Amma manyan injunan watsa shirye-shirye sun daɗe suna buƙatar wannan saiti, domin a can kuwwar kan iya ƙona bawul mai tsada.